Neman Tungarmu a Cikin Takarda

Tun da na dawo daga Benin ba a bar ni na sha kunu lafiya ba. A masallaci tambaya, a bakin kogi tambaya: Nomau, yaya can take? Wasu so suke su ji ko jandarma sun mare ni, don sun san halina. Na gaji da maimaitawa, shi ne na ari biro na zauna. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, wata huɗu na yi aka kore ni saboda kwaikwayon tafiyar malam, don haka wanda ya ga harafi ya karkace sai ya tallabe shi ya wuce.

Sai na fara faɗin abin da ya fitar da ni, ko da yake mutanen Tungar Jatau sun fi ni saninsa. Daminar da ta wuce kogi ya cinye tungarmu, ya bar mana masallaci babu rufi. Aka kwashe mu aka zuba a wata makarantar firamare kusa da Kaoje. Da ruwa ya janye, hukuma ta ce ba za mu koma fadama ba, za a yanka mana fegi a kan tudu. Muka yi murna, har ranar da aka karanto yawan fegin. Bai kai rabin gidajenmu ba. Aka ce da takarda aka yi aiki, kuma abin da takarda ta sani game da Tungar Jatau ke nan.

Kowa ya juyo ya dube ni. Suna da gaskiya.

Shekarun baya wasu ma'aikata sun zo da alli da jakunkuna, suna bin ƙauyuka suna rubuta lamba a ƙofofi, wai shirin ƙidaya. Ina zaune a inuwa da Sahabi, maƙwabcina tun muna yara, mutumin da ko ɗan sandan da ya yi ritaya ya gani sai ya cire hula. Don in tsokane shi kawai na ce ai harajin kwalekwale aka dawo da shi, duk ƙofar da ta sha alli mai ita zai biya na shekara bakwai. Na faɗa ina danne dariya. Kafin la'asar magana ta gama gari. Maza suka shige gonar shinkafa, mata suka bi ƙofofi da tsumma da ruwa. Da ma rabin mutanenmu suna ƙetaren iyaka wajen kamun kifi, kamar kowace shekara idan ruwa ya ja baya. Ma'aikatan suka tarar da tsofaffi da awaki, suka rubuta abin da suka gani suka tafi. Shekara da shekaru ina ba da wannan labari a wajen biki ana faɗuwa da dariya, ni ne gwani.

Maigari bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Cewa ya yi tunda bakina ne ya rage mu, ƙafata ta je ta nemo sauran. An ba mu zuwa ƙarshen wata kafin a raba fegin. Idan ba a samo wata takarda da ta nuna yawanmu ba, tunga za ta watse, wanda ya samu ya zauna, wanda bai samu ba ya nemi inda zai sa kansa.

Na fara da Bagudo. Na hau kabu-kabu, muka haye gada, ina riƙe da hula da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana riƙe da rigar mai babur har ya ce in sassauta kada in tuɓe shi a bainar jama'a. A sakatariya na shiga ofis huɗu. Kowane na gaishe su da kyau, kowane suka nuna mini na gaba. Na huɗun ne wani ya ji tausayina ya ce in tsallaka titi wajen Madam Agnes mai shagon buga takardu, ita ta san inda ake tono irin waɗannan abubuwa.

Madam Agnes 'yar kudu ce, Kirista, ta daɗe a Bagudo har Hausarta ta fi ta wasu jikokina. Ta ba ni kujera da ruwan sanyi, ta ce Baba faɗi. Na faɗa mata komai, ban rage nawa laifin ba. Ta yi dariya har ta share ido, sannan ta daina, ta juya ga na'urarta.

A wajenta na fahimci abin da ban taɓa sani ba. Ni a zatona akwai wani ƙaton littafi a Abuja mai sunan kowa da na uwarsa. Ta ce abin da ake bugawa kowa ya gani jimla ce, ta jiha da ta ƙaramar hukuma, kuma ƙidayar ƙarshe ta daɗe, lissafi ake ɗorawa a kanta ana ƙiyasin ƙaruwar mutane. Ta nuna mini Bagudo a layi guda, da lamba doguwa a gabanta. Na ce to ina muke a ciki? Ta ce muna ciki kamar yadda gishiri yake cikin miya, ba a iya tsamo mu. Ƙauye ƙarami irin namu, sai dai a nemi takardar masu lambar gidaje, ko ta ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida, ko ta masu binciken da kan zo su zaɓi wasu gidaje su yi tambayoyi. Ta masu lamba na riga na san abin da ke cikinta. Ta buga waya wajen wata ƙawarta ma'aikaciyar lafiya, aka duba, aka ce su ma da rani suke zuwa mana, lokacin da hanya ke biyuwa, lokacin kuma da rabinmu ba ya nan. Masu bincike kuwa ba su taɓa zaɓen mu ba.

Can ta ce, mutanen da ke tafiya kamun kifi, wace ƙasa suke zama? Na ce Benin, gaba da Lolo kaɗan. Ta ce su ma can suna ƙidaya, kuma ta ji suna tambayar inda mutum ya fito. Idan an rubuta mutanenmu a can an ce daga Tungar Jatau suke, in samo ko da wasiƙa ce mai hatimi, a haɗa da ta nan. Ba ta yi mini alkawarin zai yi aiki ba. Ta rubuta mini abin da zan tambaya a 'yar takarda, da Turanci, ta ce ko ba su ji ba za su gane hukuma ake nufi.

Kwana biyu bayan haka na kama hanyar Illo. Motar da na shiga ta ɗauki buhunan shinkafa, da mu, da wata tunkiya da aka ɗaure a ƙafata, wadda ta yi mini abin da ta ga dama a kan takalmi tun kafin mu yi nisa. Taya ta fashe sau biyu. A karo na biyu wani Bafillace dattijo da ke kusa da ni ya tambaye ni abin da zai kai ni ƙetare. Da na faɗa masa, ya ce shi bai ga abin wahala ba, su da ba a taɓa ƙirga su daidai ba ga su nan suna raye. Na ce ku shanu ke ɗauke da garinku, mu namu ruwa ya ɗauke. Ya ɓare goro ya ba ni rabi.

A bakin iyaka aka tambaye ni shaida. Na zaro katin zaɓe, wanda aka biyo mu da shi har cikin fadama a kwalekwale, ba tare da kowa ya ce ba ya ganin tungarmu ba. Jami'in namu ya duba hoton ya dube ni ya ce a hoton na fi kama da mutumin kirki. Na ce ranar ba ni da lafiya ne. A ɗaya ɓangaren jandarma ya yi mini Faransanci mai tsawo, ni kuma na yi masa fofo, gaisuwar Dendi, wadda ita kaɗai na iya, na yi ta har sau biyar. Ya gaji ya ɗaga mini hannu. To masu jiran labarin mari, ku yi haƙuri.

Abin da zai ba ku mamaki, ƙasar ba ta canja ba. Kogin namu ne, shinkafar irin tamu ce, har sauron ina jin danginmu ne. Amma burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri, na gatsa sau ɗaya na ji haƙorin da nake ji da shi ya yi motsi, sai na jiƙa sauran a shayi. A kasuwa na ga mata da wani abu ja a tire, na ɗauka sabulu ne har na tambayi ko yana kumfa. Cukun Fulani ne, wagashi suke ce masa, ana soyawa a sa a miya. Matan suka yi ta kiran junansu a zo a ga ɗan Najeriya.

Ofishinsu na isa rana tsaka, na tarar an kulle. Mai gadi ya nuna mini rana da hannu, ya nuna inda za ta kai kafin a buɗe. Su can da azahar kowa gida yake tafiya ya ci ya kwanta, sannan ya dawo aiki. Mu a namu ofis ƙofa a buɗe take wuni guda, mai kujerar ne dai ba ka samu. Ban san wanda ya fi ba. Na zauna gindin dalbejiya har suka dawo. Wani ma'aikaci mai jin Hausa ya karanta takardar Madam Agnes, ya ce su ma jimla suke da ita, amma in je wajen delege na unguwar masunta, wato mai unguwarsu, shi ya zaga da masu ƙidaya ƙofa-ƙofa.

Unguwar ba baƙuwata ba ce, don yayata Hajo tana can. Ita ce ungozomar Tungar Jatau shekaru masu yawa, kafin idonta ya mutu ɗanta ya ɗauke ta ya dawo da ita kusa da shi. Rabona da ita shekara shida, kuma ba nisa ne ya hana ni ba. Ta shafa fuskata ta ce na tsufa, na ce ita da ba ta gani ina ta sani, ta ce ta ji a muryata, ƙarya ta fara yi mini nauyi. Aka ba ni ɗakin da ake ajiye taru, na kwana ina warin kifi, aka ciyar da ni akasa, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye a ci da sanyinsa. Na ci don kunya. Tuwo mai sanyi a wajenmu sai an yi faɗa da uwargida.

Da safe ɗanta ya kai ni wajen delege, wani siririn dattijo Badende mai tabarau, tsohon malamin makaranta. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ya tuna sarai, shi ya kai masu ƙidaya bukkokin mutanenmu a bakin ruwa. Sai ya cire tabarau ya goge.

“Sun ƙi,” in ji shi. “Sunka ce su baƙi ne, kifi ya kawo su, gida za a ƙirga su. Na ce ko baƙo ana rubuta shi in ya kwana. Sunka ce a'a, kada a rubuta su nan a zo a ce sun zama 'yan Benin, a hana su gonakinsu can.”

Na tambaye shi ko da mutum ɗaya. Ya ce ko ɗaya. Wasu ma kwalekwale suka shiga suka tsaya tsakiyar kogi har ma'aikatan suka wuce.

A gida an ce suna ƙetare, a ƙetare sun ce suna gida. Mutanen da na sani, na ci abinci a gidajensu, na yi wa 'ya'yansu barkwanci ranar suna, babu ƙasar da ta rubuta su. Na so in ji sanyi cewa wannan rabin ba ni na yi ba, amma sanyin bai zo ba.

Da na koma na faɗa wa Hajo, ta ce a kira mata delegen ya zo da biro. Na ce Yaya, lamba ake so. Ta ce ita ba ta ƙirga mutane, ba ta taɓa ba, ba kyau. Amma duk wanda aka haifa a Tungar Jatau tun tana da ƙarfi ita ta yanke masa cibi, kuma za ta faɗe su.

Wuni biyu muka yi a tsakar gidan. Ta fara daga gidan gabas na bakin mashaya, ta bi tunga gida-gida kamar tana tafe a cikinta da ƙafa. Wane, matarsa wance, ta haifi wane da damina, wane ranar kasuwa, wance ta zo da ƙafa ta kusa kashe uwarta. Waɗanda aka haifa bayan tafiyarta ni nake cikawa. Delege yana rubutawa da irin rubutunsu, yana tsayar da ita idan ta yi sauri. Da ta zo gidanta ta tsallake ɗanta na fari, wanda yake zaune a gabanta yana gyaran taru. Delege ya ɗaga kai. Na ce rubuta Umaru, ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Muka yi dariya, har ita.

Sai ta iso gidan Sahabi. Ta ce Sahabi, matarsa Kulu. Ta tsaya tana jiran in ce haka ne, kamar yadda nake cewa a kowane gida. Ban ce ba. Kulu ta rasu a makarantar da aka zuba mu, sati uku bayan ambaliya, amai da gudawa, kwana biyu kacal. Ƙawar Hajo ce tun suna 'yan mata, kuma babu wanda ya aiko mata.

“Yaushe?” ta ce.

Na faɗa mata. Ta jawo mayafinta ta rufe fuska. Delege ya ajiye biro. Da ta buɗe fuska ta ce a rubuta Kulu duk da haka, a yi mata alama a gefe, don a san gidan da mace aka gina shi. Daga nan kowane gida ta ambata sai ta tsaya ta tambaye ni ko suna nan duka. Sau huɗu na ce mata a'a.

Delege ya buga hatiminsa a ƙasa, ya ce hatimin unguwa ne kawai, kada in ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Da zan tafi Hajo ta riƙe hannuna ta ce idan an samu tudun, a bar mata wuri ko na tabarma ɗaya ne, tana son a binne ta cikin mutanenta. Na ce an gama. Bakina bai taɓa jin nauyin alkawari ba.

Dawowa ba abin labari. Na sa takardun cikin leda na ɗaure a jikina kamar laya, na bi ta Bagudo. Madam Agnes ta rufe shago ga kowa ta zauna ta buga su tsaf, gida-gida, ina karanta mata sunayen da rubutun delege ya rikita mata. Ta ce a duk shekarunta ba ta ga takardar ƙauye mai kyan wannan ba. Ita da kanta ta raka ni wajen babban ma'aikacin da rabon yake hannunsa.

Mutumin kirki ne, kada wani ya ce na zage shi. Ya karanta shafi biyu, ya ce ya yarda kowane suna a nan mutum ne. Amma an riga an auna filin bisa lambar da ke hannun hukuma, sauran tudun kuma gonakin wasu ne, kuma ba shi da ikon ya canja lamba da takardar da tsohuwa ta faɗa aka rubuta a wata ƙasa. Ya ce zai sa ta a fayil, idan an sake zagayowa za ta yi amfani. Na tambaye shi yaushe za a zagayo. Ya ce shi ma yana son ya sani. A waje Madam Agnes ta ba ni kwafi biyu, ta ce ɗaya a ba maigari, ɗaya a ba ma'aikatan lafiya, kada mu bari ta ɓace. Ta ce Baba, yi haƙuri, ta koma shagonta da sauri.

Ranar rabo maigari ya ce shi ba zai zaɓi wanda zai zauna da wanda zai tafi ba. Aka karya karan dawa, dogaye da gajeru, aka zuba a tulu, kowane mai gida ya sa hannu, mai dogo ya zauna, mai gajere ya tafi. Wallahi na roƙi Allah ya ba ni gajere. Na zaro dogo. Wata mata a baya ta ja tsaki. Sahabi yana bayana, ya sa hannu ya zaro gajere, ya duba, ya sa a aljihu.

Cikin sati guda mutane suka fara ɗaure kaya. Wasu Matsinkai wajen dangi, wasu cikin Kaoje, da yawa ƙetare, inda suka ce su baƙi ne. Sahabi zai bi ƙanensa can. Na same shi da safe yana ɗaure tukwanen Kulu da igiya, na miƙa masa karana. Na ce ya karɓa, ni ne ya kamata in tafi, kowa ya sani.

Ya ci gaba da ɗaurinsa. Sai da ya gama ƙulli ya ce, “Riƙe abinka, Nomau. In na zauna, ganin ma'aikaci zan yi in gudu, ka san ni. Kai ke da baki. In sun dawo da allinsu, a samu wanda zai tsaya ya faɗa musu mu nawa ne.”

Na ce ai ban san mu nawa ba ne yanzu. Ya ce in tambayi Hajo tun tana da rai.

Na ɗaukar masa tukwanen har bakin mota. Yanzu ina kan tudu, na kafa bukka, na auna wurin tabarma ɗaya a gefenta na kewaye da duwatsu. Gidan da ke dama da ni na wani ne da ba mu taɓa shiri ba, kuma da safe idan na fito babu wanda nake tsokana.